Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Taɓo

Kafin in taɓa mota, raƙumi na sani. Mu mutanen Gangara ne, a ƙasar Damargu, kuma tun ina saurayi nake bin ayarin kawuna, mu kai gero arewa, mu dawo da gishiri da dabino. Raƙumi ne ya koya mini tsoron laka. Dabba ce da za ta yi kwanaki ba ruwa ba ta ce uffan ba, amma ka ɗora ta a kan ƙasa mai santsi, sai ƙafafun su rabu, ɗaya gabas ɗaya yamma, in ba a yi sa'a ba sai wuƙa. Shi ya sa duk mai raƙumi a Damargu, da damina ta faɗi, idonsa a ƙasa yake.

Wannan idon ne ya kai ni ga mota. A shekarun da Nasara suka kwashe manyansu daga Damagaram suka koma Yamai, wani sarja Bafaranshe mai jan gashin baki yana neman wanda ya san hanyar arewa. Na shiga a matsayin mai nuna hanya, na fito a matsayin mai jan mota. Shi ya koya mini da zagi da nuni, ni kuma na koya da haƙuri, ina ramawa a cikin cikina. Motar ba irin na yanzu ba ce. 'Yar kamiyo ce, wato ƙaramar motar kaya, mai dogayen ƙafafu sirara, da rufin tamfol, ba ƙofa ba gilashi a gefe. In za a tashe ta sai an je gabanta an murɗa ƙarfe, in ta ga dama ta tashi, in ta ga dama ta hauri hannunka. Na so ta ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa. In na shigo gari a kanta, har hula nake turowa gaba.

Rairayi ba ya ba ni tsoro. Taɓo shi ne abokin gaba, kuma dokarsa ba ta da yawa. Ka sauka ka taka shi da ƙafarka tukuna, da sanda a hannu. Inda sanda ta shige ba ta tarar da tauri ba, ba wurinka ba ne. Inda sawun shanu ya cika da ruwa ka kauce, inda ciyawa ko itace suka kafa saiwa ka bi. Ka ɗaura sarƙa a ƙafafun baya. Ka sa bitas, wato giya, na biyu tun kana kan tudu, wanda ba gudu ba ne ba kuma rarrafe ba, don a tsakiya ba a canji. Ka ba ta wuta daidai wa daida, in ka cika mata sai ta haƙa wa kanta kabari. Babbar dokar kuwa, wadda ta haɗiye sauran, ita ce in ka shiga kada ka tsaya. Ko hularka ce ta faɗi, bar ta, ka dawo ka ɗauka da ƙafa.

To, akwai wata doka kuma da ta girmi mota, ita ce ta suruki. A wurinmu in ka hango uban matarka, ko a kan raƙumi kake sai ka gurfanar da shi ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa daga ɗan nesa, ka gaishe shi kana kallon ƙasa. Ba ka wuce shi a tsaye, balle a zaune. Wanda ya yi haka, ba shi kaɗai za a zaga ba, har wanda ya haife shi.

Surukina manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Olelewa, dogon tsoho mara yawan magana, irin mutanen da in suka yi gyaran murya kaji ma sai su natsu. Ya ba ni ɗiyarsa lokacin da nake ɗan ayari, yana murna ya samu mai sana'ar mutunci. Aure bai daɗe ba ya ji labarin na koma jan ƙarfen Nasara. Bai ce mini komai ba, don suruki ba ya yi wa suruki faɗa baki da baki. Gaisuwata dai ta fara samun gajeriyar amsa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, hanyar Tanut ta bi ta wata fadama da ke gindin ƙauyensu. Da rani busasshiya ce, duk ta tsage, jaki ma sai ya yi ta tuntuɓe. Ruwa ɗaya mai kyau kuwa ya isa ya mai da ita baƙin kunu. A daminar da nake koyo, sarja ya shiga fadamar nan da ƙarfin kai washegarin ruwan shuka, ya tsaya a tsakiya zai canza bitas, mota ta zauna har ciki. Aka tura gardi, wato dogarin Nasara, da bulala ya tattaro duk namijin da ke gona. Mutane suka ajiye sungumi, suka wuni suna haƙa, suna saran ƙaya suna shimfiɗawa, suna turi. Washegari ma haka. Kafin a sallame su rana ta shanye laimar ƙasa, kuma ruwa na gaba ya yi jinkiri. Wanda bai yi noma a Damargu ba ba zai gane ba. A can ranar shuka ba ta da ƙanwa, in ta wuce ka sai ka ji a rumbu. Mutanen da suka ga yunwar da ta ci ƙasar muna yara ba sa wasa da ita. Ni ina cikin masu turin ran nan, surukina yana gefena da laka har gwiwa, ko kallona bai yi ba.

Da shekara ta kewayo, matata ta tafi gidansu haihuwar fari, kamar yadda ake yi. Ta sauka lafiya da bazara, namiji, wanda har yau bakina bai iya faɗin sunansa ba. Aka yi suna, aka yi wanka, arba'in ta zo ta wuce. Na aika da goro cewa ina son iyalina su dawo. Shiru. Na sake aikawa. Shiru. Sai na tafi da kaina wurin kakar matata, uwar surukin nawa, tsohuwa mai ido ɗaya da baki goma. Ita kaɗai ce a gidan nan nake iya ɗaga kai in kalla, don tsakanina da ita wasa ne.

Tana ganina ta ce, "Ga mijina mai warin isansi! Me ka kawo mini?"

Isansi shi ne man da mota ke sha. Na ba ta taba da kanwa, na ce, "Kaka, ni hwa ɗakina ya yi sanyi. Me ake jira?"

Ta ce, "Damina ake jira. Uban yarinya ya ce shi ba ya ba da ɗiya da jika ga wanda ke tashin mutane daga gona. Ya ce a bari a ga ruwan shuka. In ƙarhenku ya sake zama cikin hwadama aka zo da bulala, to ka nemi wata matar a Damagaram, can inda ake son masu mota."

Na ce, "Ai ba ni na kafe ta ba bara."

Ta ce, "Yo shi ina ruwanshi? Kai ya sani. Jan gashin bakin nan surukinshi ne?"

Na koma ina addu'ar da manomi bai taɓa yi ba, wato Allah ya sa ruwan shuka ya sauka ina wani wuri. Ba a karɓa ba. Ranar da aka ce in ɗauki wani babban Nasara in kai shi Tanut, wanda ake ce wa kumandan kamar yadda ake ce wa kowannensu, a daren jajibirinta aka kwana ana ruwa daga Damagaram har inda ido bai kai ba. Da safe na gwada cewa a bari ƙasa ta sha iska. Kumandan ya dube ni kamar na ce a bari rana ta fito daga yamma. Sarja ba ya nan, an mai da shi wani wuri. Daga ni sai kumandan a gaba, sai gardi a baya da bindigarsa da bulalarsa, shi ne kuma gardin bara.

Safiya ce mai daɗi, in ba don abin da ke raina ba. Ƙasa tana ƙamshi, sama an wanke ta tas, duk tudun da muka wuce cike yake da mutane. Maza a gaba suna sara da sungumi, dama da hagu, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Da hantsi muka iso bakin fadamar. Tana nan shimfiɗe, baƙa wuluk, tana ƙyalli. A kan tudun da ke kewaye da ita duk mutanen ƙauyen surukina ne. Da suka ji kukan mota sai sara ya tsaya. Na ga samari suna sulalewa bayan sabara ɗaya bayan ɗaya, na ga gardi ya ciro bulala daga ɗamara ya ɗora a cinya.

Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na ɗauki sanda na shiga. Tsohon sawun bara yana nan, ramuka biyu cike da ruwa, na yi musu sallama daga nesa. Ta hagu laka ta kama ni har cinya. Ta dama kuwa akwai wani ɗan tsibiri a tsakiya, da babbar bagaruwa a kansa, inda turbar ƙauye ta ratsa zuwa gonakin ƙetare. Saiwar bagaruwar ta riƙe ƙasa, sanda tana shiga kamu ɗaya ta tsaya. Na ce to, ta nan, sai dai dole in goga jikin itacen, don tazarar taku biyu daga gare shi rami ne. Na dudduba, ba kowa a wurin sai wani zalɓe.

Na dawo na ɗaura sarƙoƙi. Na ce wa gardi ya koma can ƙarshen mota, daidai kan ƙafafun baya, ya riƙe da kyau.

Ya ce, "Don me? Nan laka za ta same ni."

Na ce, "Nauyinka nake so, sarkin yaƙi. Yau tuwon da kake ci zai yi amfani."

Ya zumɓura baki ya koma, don kumandan ya juyo yana kallo. Na murɗa ƙarfe, ta tashi a bugu ɗaya, na ce alhamdu lillahi, yau tana cikin hali mai kyau. Na ja baya kaɗan don in samu zango, na sa bitas na biyu, na yi bisimilla, muka gangara.

Shigar farko daɗi gare ta. Gaban mota ya tsaga laka, gindinta yana rawa dama da hagu, ni kuma ina biye mata da bolan, wato sitiyari, a hankali, ba na gardama da ita. Sarƙoƙi suna cizo suna watso taɓo sama, rabinsa a kan gardi, ina jin shi yana ambaton iyayena. Kumandan ya dafe hularsa da hannu ɗaya yana dariya kamar yaro a kan lilo. Muka wuce inda sarja ya zauna bara. Bagaruwa tana matsowa. Har na fara jin daɗin kaina.

Sai ga mutum ya fito daga bayan itacen. Dogo, da farar rigar saƙi, da burgamin iri a kafaɗa, da sanda. Ashe gida ya koma ya ƙaro iri, ya biyo turba zai ƙetare zuwa gonarsa. Ko a mafarki na ga wannan tsayuwar na san mai ita. Surukina ne, tsaye daidai inda zan goga.

Wallahi ban sa ƙafata ta ɗaga ba, ita ta ɗaga da kanta ta nufi birki. Abin da aka raine ka da shi ba ya shawara da kai. Kukan mota ya faɗi, na ji gindinta ya fara nauyi, ƙafafun baya sun fara tunanin zama. Kumandan ya daina dariya, ya shiga buga mini kafaɗa yana "Ale! Ale!", wato in ci gaba. In na tsaya na sauka na durƙusa, mota ta kafe, bulala ta hau tudu, matata ta zauna gidansu. In na wuce shi a zaune, na watsa masa laka a gaban duk garinsu, wane uba ne zai ba irin wannan ɗiyarsa? Gaba siyaki baya damisa, kuma duk abin bai fi a ja numfashi biyu ba.

Tsoho ya dube ni sau ɗaya, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Sannan ya juya. Ba kaucewa ya yi ba, don ba wurin kaucewa. Baya ya ba ni gaba ɗaya, ya fuskanci gabas, ya dogara da sandarsa ya ɗaga kai sama.

Na mayar da ƙafa na ba ta wuta a hankali, ina roƙonta kamar yadda ake roƙon raƙumin da ya gaji. Ta yi shawara, ta yi gurnani, sarƙa ta kama saiwa, muka zabura. Da muka zo daidai shi na fizge hula na cusa kaina ƙarƙashin bolan, har ba na ganin gabana, na ce "Ina kwana, Baba," da muryar da ni kaina ban ji ba. Takalmi dai dama a tuɓe yake, wannan kaɗai na cika daga cikin ladabi. Na ji ƙayar bagaruwa ta karce tamfol, na kuma ji wata ƙara a baya, faca-faca, wadda na san ba a kan gardi ta sauka ba.

Muka fita. Ƙafafun gaba suka taka rairayi, mota ta girgiza jiki ta hau tudu. Wata mata ta rangaɗa guɗa daga gona, samarin da suka ɓuya suka fito, sungumi ya koma aiki. Na so in tsaya in koma da ƙafa, amma hawan dogo ne kuma ƙasar da taushi, da muka kai sama kumandan ya ce a wuce. Ya miƙo mini sigari, yana ta yabona da yarensu. Na waiwaya sau ɗaya. Can ƙasa na hango tsoho yana ƙetare fadama a hankali, bai juyo ba.

A Tanut gardi ya yi ta ba da labari a bakin kasuwa, kowace rana fadamar tana ƙara faɗi, shi kuma yana ƙara jarumta. Ni ko fura ba ta wuce mini. Abin da nake gani kawai shi ne bayan nan da aka juya mini a gaban jama'a. Na ce shi ke nan, ya yafe ni, ko fuskata ba ya son gani. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, ina tunanin yaron da sau biyu kaɗai na leƙa fuskarsa, shi ma a sace.

Da za mu koma Damagaram kumandan ya zauna a Tanut, daga ni sai gardi. Ƙasa ta riga ta bushe. Na ajiye mota nesa da ƙauyen, inda ko kukanta ba za a ji ba, na bar gardi yana gyangyaɗi a inuwarta, na taka da ƙafa. Gonaki duk sun yi layi-layi kore, gero ya fito kamar kunnen ɓera. Na tarar da surukina zaune a ƙofar gida a kan buzu, yana gyaran ƙotar hauya. Na zube tun daga nesa.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya hanya? Ya mutanen Tanut? An samu ruwa can?"

Rabon da ya tambaye ni abu uku a jere tun ina ɗan ayari. Na rasa inda zan sa wannan. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, ran nan, a gindin bagaruwa..."

Ya ce, "Wace rana?"

"Ran shuka. Da na wuce."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Ya ce, "An ce mini mota ta wuce. Ni ban ga kowa ba. Hadari nake dubawa a gabas."

Sai ga muryar kaka daga bayan danga, ashe tana nan tana saurare. "Hadari? Wane hadari? Sama kamar an wanke ƙwarya! Ni na wanke rigar nan, malam. Gaba hwari tas, baya kamar an yi yaɓen rumbu. Tun da na haihe ka ban taɓa ganin ka tsaya kallon sama ran shuka ba."

Ya ce, "Iya, ki bari."

"Ba na bari. Kai mai warin isansi, kana ji? Sabulu nake bin ka!"

Tsoho ya yi gyaran murya, ta yi shiru, amma ina jin ta tana ƙyaƙyatawa ƙasa-ƙasa. Sannan ya yi magana yana kallon hauyarsa. "Wanda ba a gani ba, ba a ce bai yi gaisuwa ba. Gero ya hito. Ran Juma'a ka zo ka tahi da iyalinka." Ya busa ƙurar itace daga ƙotar, ya ƙara da cewa, "Ka zo da jaki."

Sai a lokacin na gane. Dattijon da yara ba sa gudu a gabansa ya tsaya a idon garinsu ya ba mota baya, ya sha laka tun daga ƙeya har diddige, don kada in tsaya. Hawaye suka cika mini ido, na ji ina son mutumin nan kamar uban da ya haife ni. Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ga ba hanya. In na ce na gode, na ce ya gan ni ke nan, na kuma mai da shi maƙaryaci a ƙofar gidansa. Na ce, "To, Baba. Allah ya kai mu." Ya ce, "Amin."

Jakin na samu aro a wurin wani mai kanwa, rago ne na ƙin ƙarawa, matata ta yi ta yi mini dariya a hanya wai mai jan mota ya kasa da jaki. Surukina ya yi shekaru masu yawa bayan haka. Na durƙusa a gabansa sau ba adadi, na kai masa goro, na yi masa noma, ina cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Bai taɓa tada maganar ba, ni kuma ban taɓa gode masa ba.